Kurakurai 43: Tarihin Masu Sayar da Tsoro a Allon Kwamfuta

A shekarar 2004, mutum a Amurka yana zaune gaban kwamfutarsa yana karanta labarai, sai ya ji ƙaras, ma'ajin faifan CD ya buɗe da kansa ba wanda ya taɓa shi. Kafin ya gama mamaki rubutu ya cika allo, wai gargaɗi ne na ƙarshe: tunda ma'ajin faifanka ya buɗe, manhajar leƙen asiri ta shiga na'urarka, maza ka sayi Spy Wiper. Kuɗinta wajen dala 30. Abin da ba a gaya wa bawan Allah ba shi ne, mai gargaɗin da kansa ya buɗe ma'ajin. Sanford Wallace ke nan, wanda tun shekarun 1990 ya yi ƙaurin suna wajen cika wa mutane akwatin imel da tarkacen talla. A watan Oktoban shekarar hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta maka shi a kotu, kuma ita ce ƙararta ta farko a kan irin waɗannan manhajoji. A 2006 kotu ta ce ya biya fiye da dala miliyan 4.

Ni gyaran kwamfuta nake yi a Kano tun zamanin Windows XP, kuma jikokin Spy Wiper har gobe ana kawo mini su shago. Sunaye sun canza, launin allo ya canza, amma abin da mai kwamfuta ke faɗa yana ajiye ta a kan tebur bai canza ba: "Ta ce akwai matsala, wai sai an biya." Yawan jin wannan magana ne ya sa na bi sawun sana'ar, domin sana'a ce sosai, mai ofis da ma'aikata da albashi.

Tushenta talla ne. A ƙarshen shekarun 1990 masu rubuta manhaja sun gane cewa mutane ba sa son biyan kuɗi a intanet, amma za su sauke duk abin da aka ce kyauta ne. Sai aka riƙa ba da kyautar, a ɓoye mata wata 'yar manhaja da ke lura da shafukan da mutum ke shiga tana watso masa talla. Gator, wadda ke adana wa mutum lambobin sirri, haka ta yi suna. Akwai kuma BonziBuddy, wani goggon biri mai launin shunayya da ke yawo a allo yana magana yana ba da dariya, yara suna sonsa ƙwarai. Kamfanin da ya yi birin, Bonzi Software, yana cikin waɗanda suka fara wata dabara da har yau ba a daina ba: su zana talla daidai da akwatin saƙon Windows, kalar toka, da maɓallin amincewa, a rubuta cewa kwamfutarka tana tona adireshinta a intanet, masu kutse za su iya afka maka. Mutum ya danna yana zaton Windows ce ke masa magana, sai ya tsinci kansa a shafin sayar da kaya. An kai su ƙara a ƙarshen 2002, a 2003 suka amince za su riƙa nuna cewa talla ne. A 2004 kuma FTC ta ci su tarar dala 75,000 saboda tattara bayanan ƙananan yara.

Mu a nan, a kafen intanet muka san waɗannan abubuwa. Wanda ya yi zamanin biyan kuɗin awa da kwanan kafe saboda arhar dare zai tuna yadda Internet Explorer ke zama: layin maɓallan talla a kan layi, har shafin da ka zo karantawa ya koma rabin allo. Kowa ya zauna sai ya danna abin da ya ga dama ya tashi. Sa'ar da muka yi ita ce ba kowa ke da katin da zai biya dala a intanet ba, don haka ko mutum ya tsorata ba shi da hanyar miƙa kuɗin. Asararmu ta lokaci ce, da ɗan guntun intanet ɗin da ake rabawa tsakanin kwamfutoci. Magani kuwa ɗaya muka sani a lokacin, fomatin, a goge komai a sake zuba Windows.

A watan Agustan 2004 Microsoft ya fitar da babban gyaran XP na biyu, wanda ya sa wa Internet Explorer abin tare tagogin talla, ya kuma kashe wata kafar aika saƙo da aka yi domin ma'aikatan ofis amma 'yan talla suka mayar da ita tasu. Wanda bai sabunta na'urarsa ba, kafar tana nan a buɗe. Ta nan wani kamfani a jihar Tekzas ya riƙa aika wa mutane saƙo cewa rajistar kwamfutarsu ta lalace, su zo a duba musu kyauta. Manhajar sunanta Registry Cleaner XP. A watan Satumban 2008 babban lauyan jihar Washinton, Rob McKenna, ya shigar da ƙara, kuma a cikin abin da masu bincike suka gano akwai wanda ya fi ba ni dariya a duk tarihin nan: kowace kwamfuta aka gwada, kurakurai 43 manhajar ke "ganowa". Tsohuwa 43, sabuwa 43. Kuɗin gyara dala 39.95. Ko wahalar sauya lambar ba su yi ba.

Ya kamata in tsaya a kan rajistar nan, domin a kanta aka gina rabin ƙaryar. Wani kundi ne da Windows ke rubuta saitunanta da na manhajojin da aka ɗora mata. Idan ka cire manhaja, takan bar 'yan layuka a kundin da ba sa nuni ga komai. Kowace kwamfuta da aka yi aiki da ita tana da irinsu, kuma zamansu ba ya rage mata gudu yadda mutum zai lura. Mai manhajar bogi sai ya ƙirga su, ya haɗa da fayilolin wucin gadi da burauza ke ajiyewa, ya rubuta jimillar da jan launi ya kira su matsaloli masu haɗari. Microsoft da kansa ya ce ba ya goyon bayan amfani da manhajojin share rajista, kuma na sha ganin wadda sharewar ce ta hana ta tashi. Abin da ke sa kwamfuta nauyi a garin nan sananne ne: ƙarancin RAM, tsohon faifai mai juyawa, manhajoji barkatai da ke tashi tare da Windows, da ƙurar hunturu da ta toshe fanka har na'urar ta ɗau zafi ta rage wa kanta gudu. Ba manhajar da ke fitar da ƙura daga fanka.

Duk waɗannan ƙananan 'yan kasuwa ne idan aka kwatanta su da Innovative Marketing. An yi wa kamfanin rajista a ƙasar Beliz, amma babban ofishinsa yana Kiyef, babban birnin Yukren, da ɗaruruwan ma'aikata. Su ne masu WinFixer, da WinAntivirus, da DriveCleaner, da ErrorSafe, da XP Antivirus, kaya ɗaya ana sauya masa riga. Wanda ya taɓa gani ba zai manta ba. Kana cikin karatu sai shafin ya kau, a wurinsa hoton tagar My Computer ya bayyana, ga faifan C ga faifan D, wani koren layi yana tafiya a hankali, sunayen fayiloli suna gilmawa da sauri, lambar bairos tana hawa da ja. Duk abin nan zane ne mai motsi a cikin burauza, bai leƙa ko fayil ɗaya na kwamfutarka ba, shi ya sa ko mai kwamfutar Mac ya shiga shafin faifan C ɗin nan zai gani, alhali na'urarsa ba ta da shi. Ka danna "gyara", manhajar ta sauka. Ka danna "soke", sau da yawa ita ɗin ce dai za ta sauka.

Yadda suke isa ga mutane ma da wayo. Sukan kafa kamfanonin talla na ƙarya, su je wa manyan shafuka da sunan suna wakiltar wani sanannen kamfani, su sayi gurbi. Tallan da suka nuna wa masu shafin lafiya lau yake, sai bayan ya hau ya rikiɗe. Wasu masu irin wannan sana'a sun yi wa jaridar New York Times haka a watan Satumban 2009, suka zo da sunan kamfanin waya na Vonage, masu karatu suka wayi gari jaridar da suka amince da ita tana ce musu kwamfutarsu ta kamu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Innovative Marketing shi ne suna da ofishin karɓar koke. Ka sayi manhajar, ta ƙi yin komai, ka buga waya, wani ya ɗauka cikin ladabi. Takardar tuhumar da aka gabatar a Shikago a watan Mayun 2010 ta ce an umarci masu ɗaukar wayar su lallashi mutum ya cire sahihiyar manhajar tsaron da ke kwamfutarsa, wanda kuma ya tada jijiyar wuya a mayar masa da kuɗinsa salin alin, don kada ya kai ƙara banki. Bankin suke tsoro: idan koke ya yi yawa, kamfanonin kati za su rufe musu hanyar karɓar kuɗi. Tuhumar ta ce sun yaudari mutane a ƙasashe fiye da 60, asarar ta haura dala miliyan 100. Wani mai bincike na kamfanin McAfee, Dirk Kollberg, da ya samu shiga bayanan da suka bari a buɗe, ya ƙiyasta cinikinsu na 2008 kaɗai a wajen dala miliyan 180. FTC ta sa kotu ta dakatar da su a Disambar 2008. Manyan biyu, Shaileshkumar Jain Ba'amurke da Bjorn Daniel Sundin ɗan Suwidin, suka cika wandonsu da iska, FBI ta sa su a jerin waɗanda take nema. Kristy Ross, wata jami'ar kamfanin da ta tsaya ta kare kanta a kotu, a 2012 aka yanke mata biyan dala miliyan 163.

Rufe kamfani ɗaya bai kashe kasuwar ba. A 2010 masu bincike na Google suka ce manhajojin tsaro na bogi su ne kashi 15 cikin 100 na miyagun manhajojin da suka gano a shafukan intanet. A Mayun 2011 Mac Defender ta faɗa wa masu kwamfutar Apple, waɗanda ke alfaharin bairos ba ya kama su. A watan Yunin shekarar FBI da 'yan sandan wasu ƙasashe suka kai samame a kan wani gungu da ya yaudari mutum kusan 960,000 ya kwashe dala miliyan 72, aka kuma kama wasu mutum biyu a Latbiya da suka cusa irin wannan talla a shafin wata jaridar Minneapolis. Daga nan harkar bairos ɗin ƙarya ta fara sanyi, saboda karɓar kuɗi ta kati ya yi musu wuya.

Sai suka yi abin da ya fi musu sauƙi, suka matso kusa da halal. Cewa mutum yana da bairos alhali ba shi da shi ƙarya ce da kotu za ta iya kamawa. Amma cewa kwamfutarsa "za ta iya ƙara gudu", ko "akwai abubuwa ɗari bakwai da ke buƙatar kulawa", wa zai rantse ƙarya ce? Haka zamanin manhajojin share-share da ƙara gudu da sabunta direbobi ya kankama, da kamfani mai adireshi, da doguwar yarjejeniyar da ba mai karantawa. Shigowarsu ma ta ƙofa ce. Ka je sauke manhajar kallon bidiyo ko ta buɗe PDF, kana danna "gaba, gaba, gaba", a shafi na uku akwai ɗan akwati da aka riga aka yi wa alama, ka amince ke nan ba ka sani ba. Ana biyan mai shafin a kan kowace kwamfutar da kayan ya sauka. Har manyan rumbunan manhaja sun faɗa ciki: a ƙarshen 2011 marubucin manhajar Nmap ya fito fili ya zargi Download.com da naɗe masa aikinsa cikin irin wannan ƙunshi ba da izininsa ba.

Kuɗin manhajar kuma ya zama ɗan somin taɓi. A ƙarar da FTC da jihar Fulorida suka shigar a Nuwamban 2014, an bayyana yadda abin ke tafiya: ka sayi manhajar a dala 29 zuwa 49, a ce sai ka kira wata lamba kafin ta fara aiki. Wanda ya ɗauki wayar ya nemi ka ba shi izinin shiga kwamfutarka daga nesa, ya buɗe wani kundin Windows da ke rubuta duk wani ɗan tuntuɓe da na'ura ta yi, wanda a kowace lafiyayyar kwamfuta cike yake da alamun ja da rawaya, ya ce ka gani da idonka. Daga nan sai maganar ɗaruruwan daloli. Hukumar ta ce an karɓe wa mutane fiye da dala miliyan 120 ta wannan hanya. Wannan ba shi da maraba da mai cire tsutsar haƙori a kasuwar ƙauye, wanda ya zo da tsutsarsa a ɓoye, ya nuna maka ita a tafin hannu, ka biya kana godiya.

Kada kuma a ɗauka sai ɓoyayyun kamfanoni. Office Depot babban kanti ne mai rassa a faɗin Amurka. Daga 2009 zuwa 2016 yana yi wa mutane gwajin lafiyar kwamfuta kyauta da wata manhaja ta kamfanin Support.com. Kafin gwajin akan yi wa mutum tambayoyi huɗu: tana nauyi, tana yawan tsayawa, talla na faɗowa, ta taɓa gargaɗin bairos? FTC ta ce da zarar an amsa e ga ko ɗaya, sakamakon zai ce an ga alamun cuta, ko me binciken ya nuna. Asiri ya tonu a Nuwamban 2016 da gidan talabijin na KIRO a Seattle ya kai musu kwamfutoci sababbi fil daga kwali aka ce wasunsu sun kamu. A 2019 Office Depot ya amince ya biya dala miliyan 25, Support.com miliyan 10. A matsayina na mai gyara wannan ya fi ƙona mini rai, domin duk wanda ya ajiye na'urarsa a teburinka ya ba ka amanar abin da bai sani ba, kuma mu ma a kasuwanninmu ba a rasa masu ce wa mutum faifansa ya mutu don su sayar masa da wani.

Microsoft bai ɗauki matakin da ya dace ba sai 1 ga Maris 2018, lokacin da Windows Defender ta fara cire duk manhajar share-share da ke tsorata mutum don ya biya. A ganina ya makara ƙwarai. Kuma bai kawo ƙarshen abin ba: a Maris 2024 kamfanonin Restoro da Reimage, masu zama a tsibirin Saifurus, suka amince su biya dala miliyan 26, bayan jami'an FTC sun gwada manhajarsu a kan kwamfutoci masu lafiya ta ce suna buƙatar gyara. A waya ma haka. Clean Master, mai tsintsiya a tambarinta, da wuya ka ɗauki wayar Android a kasuwar waya ta Farm Centre a shekarun baya ba ka gan ta ba. A Fabrairun 2020 Google ya kori manhajoji kusan 600 daga rumbunsa saboda talla mai takura, har da na kamfanin Cheetah Mobile da ya yi ta.

Cire su ma yana da nasa tarihin. A farko masu manhajojin kyauta ne suka tsaya: Ad-Aware, da Spybot na Bajamushe Patrick Kolla, daga baya AdwCleaner ta wasu matasa 'yan Faransa, wadda Malwarebytes ya saya a 2016 kuma har yanzu kyauta ce. A zamanin XP Antivirus kokawa ake yi, domin manhajar takan hana ka buɗe duk abin da zai kashe ta, sai ka tada Windows a yanayin da ba ta loda komai sai dole, ka bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Yanzu aikin ya fi sauƙi, amma yana son natsuwa.

Kwanakin baya wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya shigo da laftof a cikin jakar leda. Ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. Tun shekaranjiya take kuka, wai bairos biyar sun shiga, ga lambar waya ta ba ni."

Na ce, "Baba, kun kira lambar?"

"Ina fa, ta ƙasar waje ce, katina ba zai kai ba."

"Alhamdu lillahi. Lambar katin banki fa, kun rubuta a wani wuri?"

Ya ce a'a. Waɗannan tambayoyi biyu nake fara yi kafin in taɓa komai, domin wanda ya ba da lambar kati, banki zai fara zuwa a toshe shi, wanda kuma ya bari aka shiga na'urarsa daga nesa sai ya sauya lambobin sirrinsa daga wata na'urar daban. Na kashe intanet, na buɗe jerin manhajojin da ke kan kwamfutar, na jera su bisa ranar da aka ɗora su. Nan take abin ya fito: rana ɗaya, manhajar mayar da PDF zuwa Word da jikansa ya sauke, a ƙarƙashinta wata mai share-share da wata mai sabunta direbobi. Na cire duka ukun. Mai share-sharen har da roƙo, wai za ta rage kuɗi idan na bar ta. Na duba abubuwan da ke tashi tare da Windows da jadawalin ayyukan da take yi da kanta, domin a nan suke barin wanda zai dawo da su. Na cire wani baƙon ƙari da ya maƙale a Chrome ya sauya shafin bincike.

Kukan bairos biyar kuwa ba daga cikin kwamfutar yake ba sam. Tun 2015 Chrome ya ba shafuka damar aiko da sanarwa ko ba a buɗe su ba, in dai mutum ya danna amincewa. Wani shafi ya ce wa jikan Baba ya danna don a tabbatar shi mutum ne, ya danna, shi ke nan shafin ya samu lasisin jefo saƙo a kusurwar allo da tambarin wani sanannen kamfanin tsaro. Na shiga saitunan burauza, ɓangaren sanarwa, na nuna wa Baba sunayen shafukan da aka ba izini, wasu tarin haruffa marasa ma'ana, na goge su. Sannan AdwCleaner, sannan cikakken bincike da Defender, wadda ba ta sami komai ba. Na buɗe bayan laftof ɗin na busa ƙurar fanka.

Ya ce, "To wace manhaja zan saya don kada ya sake faruwa?"

Na ce, "Ba ko ɗaya, Baba. Wadda ta zo da Windows ta ishe ku, ku dai bar ta tana sabunta kanta. Jikan naku kuma a ce masa ya riƙa karanta abin da yake dannawa."

Mai karatu, idan irin wannan allo ya tare ka, shafin intanet ba shi da ikon bincika faifanka, don haka duk lambar da ya nuna maka zane ce. Rufe burauzar, in ta ƙi ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa, kada ka yarda ta maido da shafukan da ke buɗe. Idan kuma ka ga lambar waya a jikin gargaɗin, kada ka kira. Microsoft ba ya sa lambar waya a saƙonnin kuskure na Windows.